Zuwa Ga Illo, Mai Tonon Asali

Ya kai sanyin idona, inuwar gawona ta tsakiyar rani, ruwan sabon tulu a bakin mai azumi! Ya kai hasken da ke kwanciya a kan tabkinmu na Madarunfa idan hantsi ya yi, ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, wanda ko takunsa na jiyo a bayan danga sai muciya ta kuɓuce mini! Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina, ina gaida gajiyarka da zaman da kake yi a Ɗan Issa. Bayan gaisuwa, ka gyara zama, don zumar takardar nan ba ta wuce wadda ka lasa yanzu ba.

Ka san tun da aka kawo goron tambayarka gidanmu ban ƙara kama sunanka ba. Ko a gaban ƙawayena sai in ce “wancan”, su yi ta tsokanata. To yau na ajiye wannan, ga shi na rubuta da alƙalamin Baba da tawadarsa, da ajamin da ya koya mini da hannunsa: Illo. Illo ɗan Jummai! Tir da abin da ka yi! Wallahi duk sa'ad da ya faɗo mini a rai sai zuciyata ta tashi, miyau ya cika mini baki, kamar na buɗe tukunyar da aka manta da miya a cikinta. Kuma abin haushin, ina sonka. Da ba na sonka da tuni na tofar na huta.

Ina Illon da na sani? Ina saurayin da ke shiga ruwa har wuya don ya tsinko mini bado, ya fito haƙora na kaɗawa yana cewa ai ruwan da ɗumi? Ka tuna yammacin nan na kaka da muka tsaya a gindin kanya bakin tabki, belbelu suna komawa makwanci, masunta suna wanke koma, ni da tuluna kai da sandarka? A lokacin ba ka iya magana ba. Sai ka yi ta haƙar ƙasa da babban yatsan ƙafa, can da ƙyar ka ce, “Balaraba, gero ya yi kyau bana.” Shi ke nan zancen! Amma na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, har na zuba wa kakata gishiri a kunu. Wayyo, wa zai dawo mini da wannan beben nawa?

Sai Katsina ta ɗauke ka. Ka tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki neman abin aure, ka bar ni da kallon hanya. Na jira ka, Illo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ɗan sarkin ruwa ya aiko, na ce ina da miji. Wani gumi, sojan Faransa mai jar hula daga Maraɗi, ya yi ta zarya a kan doki yana ƙamshin turare, na riƙa ɓuya a bayan rumbu har ya gaji ya bari. Duk ayarin da ya ɓullo ta hanyar Ɗan Issa sai na leƙa ta kafar danga ina neman dogon wuyanka. Ban san can ana ɗura maka abin da zai zo ya rusa mu ba.

Allah ya haɗa ka da tsohon Baturen nan da kake kira Mai Lofe, wanda ka ce ya tsufa yana koyar da 'ya'yan manya. Kai kana goge masa takalma kana dafa masa shayi, shi kuwa yana cusa maka Turanci. Ba ma Turancin da ake cinikin gyaɗa da shi ba, a'a, tsohon Turanci, wanda su kansu masu shi sun jingine a bayan ɗaki. Ka ce mutumin ba ya barin kalma ta wuce shi sai ya tare ta ya tambaye ta ubanta da kakanta. Ka ce da yawansu idan an bi sawunsu sai a tarar daga wani harshe suka fito wai shi Latin, na Rumawan dā, harshen da yau babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi a duniya. Da zai koma ƙasarsu ya bar maka littafin nan mai kauri, wanda gara ta ci gefensa, mai warin ɗakin da jemagu ke kwana. Ka shigo gari da shi a ka, naɗe cikin tsumma, kana tafiya a hankali kamar ka ɗauko gawa. Da na san abin da zai haifar da tun a ranar na sa shi a murhu na dafa wake.

Da fari dariya na yi ta yi, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ka fara zuwa zance bayan dawowarka, ka dube ni, ka gyara murya, ka ce ina da “falkiricud”. Na zaci ƙayar kifi ce ta maƙale maka, har na miƙa maka ruwa! Ka ce a'a, tsohuwar kalma ce, ma'anarta kyau, daga Latin take, Turawan yanzu ma ba su cika faɗinta ba. To ai dole su bari! Wace mace za a yi wa wannan kakin a fuska ta ji daɗi? Ka naɗe hannun riga ka nuna mini damtsenka, ka ce sunan da suke kiran wannan tsoka da shi asalinsa ɗan ɓera ne, wai don idan ta motsa kamar ɓera ke gudu a ƙarƙashin fata. Tun daga ranar ban ƙara kallon hannun mai huɗa ba tsigar jikina ba ta tashi ba. Ka ce fensirin da ke bayan kunnenka asalinsa 'yar wutsiya. Ka ce kalmarsu ta tsananin wahala, “tiribuleshan”, daga katakon da Rumawa ke ja a kan hatsi suna sussuka ta fito. Ni da nake sussuka tun ban kai tsawon taɓarya ba, har hannuna ya yi kanta, ni za ka ba labarin wahalar sussuka daga littafi?

Guda ɗaya ce ta kwanta mini a rai, ba zan ci amanarta ba. Ranar da na ɓoye ƙosai da zafinsa a gefen zane na kawo maka, muka ci a ganye ɗaya, abin da ko ƙawata ban gaya wa ba. Ka ce kamfani, irin na masu sayen gyaɗa a Maraɗi, asalinsa mutanen da ke cin gurasa tare. Ka yi ƙasa da murya ka ce ashe mu ma yau mun zama kamfani. Na rufe fuska da hannu, na ji kamar in narke a wurin. Na ce a raina, ƙyale shi, kowane namiji da irin haukansa: wani dambe, wani caca, nawa na kalmomi ne, ba ya cutar da kowa. Haka na yi ta gaya wa ƙawayena duk ranar da suka kwaikwayi maganarka a bakin rijiya.

Da ina da wayo da na farga tun ranar kasuwar nan. Ka tsaya a gindin kuka inda dattawa ke hutawa, ba wanda ya tambaye ka, ka shiga bayanin cewa kalmar da Turawa ke kiran arna da ita asalinta mutumin ƙauye ne kawai. Ga mutanen Safo zaune a wurin, masu bin al'adar iyayensu, sun kawo gero sun sayar, suna cin goro da malamanmu lafiya lau kamar kullum. Kana magana kana nuna su da fensir! Suka dube ka, suka dubi juna, suka kaɗe riguna suka tashi. Da na yi maka faɗa sai ka bushe da dariya, ka ce tun ba a ɗaura ba za ka zama “oksoriyas”, wai tsohuwar kalma ce ta mijin da son matarsa ya yi wa yawa har tana juya shi, daga sunan matar aure a Latin. Mu nan mijin-ta-ce muke cewa, ba sai mun tono kabarin Rumawa ba. Kuma da ma ka zama ɗin, da ba mu kai inda muke ba.

Kaka Marka! Uwar Baba, wadda ta goye ni bayan rasuwar innata, ta tauna ta ba ni. Wa ya tsaya maka a gidanmu in ba ita ba? Lokacin da Baba ke jan ƙafa yana cewa yaron nan ya sha ruwan Nasara da yawa, ita ce ta daki ƙasa da sandarta ta ce, “Tanko, bar min mijina, ni na gani ina so.” Ita ke ajiye maka fura mai yaji. Ita ke zaɓo daddawa mafi kyau cikin wadda take sayarwa, ta ce ka kai wa Inna Jummai. Kai kuma kullum la'asar kana tsugune a gabanta, kana taya ta gyaran kalwa, kana tambaya a hankali: Kaka, ina aka haife ki? Kaka, wane irin tuwo kuke ci can? Kaka, wa ya sa miki Marka? Ina jiyo ku daga madafi ina murna, ina cewa Allah ya ba ni mai tausayin tsofaffi. Ashe ba hira kake ba! Aikin Mai Lofe kake yi a kanta, kana bin sawunta kamar yadda yake bin na kalmomi.

Kai ɗan garin nan ne, Illo, ba baƙo ba. Ka san akwai abin da kowa ya sani a Madarunfa, kuma ba mai faɗinsa. Tsofaffin unguwarmu duk sun san yadda Kaka ta zo garin nan tana yarinya, zamanin hare-hare, kafin zuwan Faransa. Sun sani, sun rufe, sun zauna a kai. Sun ci daddawarta, sun bi ɗanta salla, sun ba jikanta 'yarsu. Ko a faɗan bakin rijiya, inda mata ke zagi ba ji ba gani, wadda ta kai ga tonon asali ita ake tsawatarwa, ita ke zuwa ba da haƙuri. Ga kushewun waliyyai kewaye da tabkinmu, kowa na kai ziyara. Ka taɓa ganin wanda ya zo da fartanya wai zai tabbatar? Ko wannan ma sai an rubuta maka da Latin za ka gane?

Sai ranar sunan ɗiyar yayana. Ƙofar gida ta cika, an raba goro, an shafa fatiha, aka ce an yi wa Kaka takwara. Mata suka rangaɗa guɗa. Kaka tana zaune a bayan danga cikin tsaranta, ta sha sabon zane mai shuni, tana ta murmushi da sauran haƙoranta. Ɗan Azumi maroƙi ya miƙe, ya sa hannu a kunne, ya kama aikinsa: “Takwarar Marka! Marka ɗiyar manya, jinin sarauta, ɗiyar masu doki da bindiga!” Wa bai san maroƙi ƙari yake yi ba? Sana'arsa ke nan, shi ya sani, mu ma mun sani. Ya taɓa kiran Kanta mai jaki, mijin gwaggona, jikan sarkin Gobir, kowa ya yi dariya, aka cika masa hannu da goro. Rigar kwana ɗaya ce ake ara wa mutum, ya sa ya ji daɗi, gobe ya koma tasa.

Sai kai, abin ƙaunata, farin watana, ka miƙe cikin farar rigarka, ka ɗaga hannu kamar kwamandan zai yi magana. Ka ce, “Dakata, Ɗan Azumi, ba haka zancen yake ba. Gaskiyar ta hi wannan kyau.” Ka juyo wurin jama'a fuskarka tana walƙiya don murna. Murna, Illo! Ka faɗi ƙauyen da aka ƙone can kudu bayan duwatsu. Ka faɗi igiyar da aka ɗaura mata a ƙugu, da dokin da ta biyo a ƙasa. Ka faɗi kasuwar da aka tsayar da ita a ciki aka yi cinikinta. Ka ce Marka ba sunanta ba ne, an laƙaba mata ne don an kawo ta ana tsakiyar marka. Sannan ka buɗe bakin nan naka, bakin da nake mafarkinsa, ka kira ta da sunan da uwarta ta sa mata, da ƙarfi, ka maimaita don na baya su ji.

Ɗan Azumi, wanda ba a taɓa ƙure shi ba, ya sauke hannu daga kunne ya ce, “Assha, yaro, mi munka yi maka?” Wanzami ya tattara askarsa. Baba ya dubi ƙasa, carbi ya tsaya a hannunsa. Maza suka shiga neman takalma, mata suka bar tuwon suna a akussa, ƙudaje suka samu. Kaka ta miƙe, ta manta da sandarta, ta bi danga da dafe har ɗakinta, ta saki asabari. Ni ina tsaye da ludayi a hannu, na ruga bayan rumbu na amayar da abin da na karya da shi. Kai kuwa aka ce kana nan tsaye kana waige-waige, kana jiran a ce maka madalla.

Washegari aka ce ka tafi Ɗan Issa, wai fatake na neman tafinta. Gudu ka yi, kada ka sa masa wata riga. Sannan ka aiko Inna Kulu mai kifi da saƙo, ta tsaya a bayan gidanmu tana biya shi kamar karatun allo, ita kanta ta kasa haɗa ido da ni. Wai in gaya wa Baba yabo ka yi. Wai kalmar minista, manyan nan da aka fara naɗawa a ƙasar Ingilishi, asalinta a Latin bara ce, mai hidima, ga ta yau a cikin mota. Wai haka Kaka ta taso daga igiya ta zama uwar liman, kuma wannan ya fi sarautar ƙarya. Kaico! Kaico da wannan ilimi! Kalma tana da 'ya'ya, Illo? Kalma tana zuwa kasuwa a nuna ta da baki? Kalma ta taɓa tsoron abin da za a ce wa jikokinta? Mai Lofe yana tonon nasa a takarda, a kan abin da ba ya jin ciwo, ya gama ya rufe ya sha shayi. Kai ka ɗauko fartanyarsa ka kafa ta a jikin mai rai.

Tun da kalmomi kawai kake ji, bari in biya maka naka karatun. Kai ka gaya mini suna da wata tsohuwar kalma, “igirijas”, wadda asalinta abin da ya fita daga garke. Ka ce da can yabo ce, ta wanda ya yi fice, daga baya ta koma zagi, ta wanda ya yi abin da ba a taɓa gani ba don muni. Ka yi ta mamakin yadda aka yi ta juye haka. Ni ban yi mamaki ba, na gani da idona a ƙofar gidanmu, tsakanin raɗin suna da rabon tuwo. Ka kuma ce kalmarsu ta sambatun mai zazzaɓi daga manomin da ya kauce wa layin huɗa take. To ka kauce, masoyina, ka bi ta kan shukar mutane da garmarka.

Yanzu ka ji halin da ka bar mu. Kaka ba ta ƙara fita kasuwa ba. Kalwar da ta dafa ta wuce lokacinta a tukunya, ta ruɓe, wari ya cika gida, ba wanda ya iya ce mata a zubar. Ni na ɗauka na kai juji, ina toshe hanci ina kuka. Yaran unguwa, da ba su san abin da suke yi ba, sun kama sunan nan suna rera shi a dandali, har sun sa masa tafi. Tana ji daga ɗaki. Jiya da na kai mata kunu ta riƙe mini hannu ta ce, “Balaraba, na mance huskar uwata, na mance maganarmu duka. Sunan nan ɗai ya rage min. In na kwanta ni kan kira kaina da shi, in ji kamar ita ta. Ba wanda ya taɓa tambaya ta sai shi, shi ya sa na ba shi.” Ba ta zage ka ba, Illo. Da ta zage ka da na samu sauƙi. Ko Baba da ta haifa bai taɓa jin sunan ba sai a bakinka, ni ma haka, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Ka manta ni jikar wace ce? Jinin da ka tona shi ne ke yawo a jikin nan da kake cewa kana so. Ranar da ka sake tsayar da ita a waccan kasuwar da bakinka, har da ni ka tsayar. Ban damu da abin da za a ce mini ba, wallahi ko a tsakiyar gari zan ce ni jikarta ce in ɗaga kai. Wani abu ne daban ke hana ni sukuni. Idan na zama taka, na gaya maka abin da ke raina a cikin ɗaki, a ina zan sake jin sa? A gindin kuka? A sunan ɗanmu? Yaya zan yi kuka a gaban mutumin da ke kallon hawayena yana tunanin inda suka samo asali?

Duk da haka, wayyo ni, ina kewarka! Ina ƙyamar abin da ka yi kamar yadda nake ƙyamar mushen kifi a bakin ruwa, kuma idan iska ta kaɗo daga hanyar Ɗan Issa sai in tsinci kaina ina sauraro. Na ga mai dogon wuya a kasuwa, gabana ya faɗi, ashe wani mai sayar da igiya ne. Wannan wane irin ciwo ne? Wa ya taɓa jin tashin zuciya da bege sun kwana a ciki ɗaya? Na yi ƙoƙarin tsanarka, na tsaya a kan turmi ina daka ina ambaton laifinka, kafin gari ya yi laushi na koma tunanin ko ka samu mai yi maka tuwo a can.

Kaka ta aika saƙo garin Gabi wurin 'yarta Gwaggo Lantana, matar Kanta. Ranar kasuwa mai zuwa Kanta zai zo da jakinsa ya ɗauke ta. Ta ce ba za ta mutu a garin da yara ke waƙa da ita ba. Ta rabar da kajinta, ta ɗaure tukwanenta cikin raga. Garin da ta tsufa a cikinsa, ta binne miji, ta binne 'ya'ya, shi za ta bari da furfurarta saboda bakinka! Baba kuwa ya sa an fito da kayan da danginka suka kawo, an jera su a zaure, an rufe da tabarma. Da na durƙusa na tambaye shi, sai ya ce, “Ni ba ni da ta cewa. Wadda anka taɓa, ita ka yanke hukunci.” Ka ji inda aurenmu yake yanzu, yana bayan asabarin tsohuwar da ka tozarta.

Ka zo, ya kai ran raina, ka zo kafin ranar! Kada ka aiko da amsa, kada ka ƙara wahalar da Inna Kulu. Kada ka zo da littafi, kada ka zo da fensir a kunne, kada ka zo da farar riga. Ka biya ta wurin kawunka ku zo tare, kamar yadda ake yi. Ka tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ka cire hula, ka tsuguna a bakin ɗakinta. Kada ka yi bayani! Na roƙe ka don Allah don Annabi, in ka ji bayani ya taso maka a maƙogwaro ka haɗiye shi ko da zai shaƙe ka. Ka ce, Kaka na yi laifi, ka ja bakinka ka rufe. In ta ƙyale ka har rana ta faɗi, ka zauna. In ta watso maka ruwan wanki, ka zauna. Sannan ka bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, kai da ka saki sunan, ka roƙi iyaye su kwaɓi 'ya'yansu, ka sha duk kallon da za a yi maka. Ban san ko za ta ɗaga asabarin ba. Ban yi maka alkawarin wannan ba, don ba a hannuna yake ba.

Abin da ke hannuna shi zan yi maka alkawarinsa, Allah na ji. Ba zan so wani ba bayanka. Ko shekaru sun tanƙwara ni, ko ido ya dushe har ba na iya zura zare a allura, kai ne dai, kai kaɗai. Masu zuwa za su zo, in sallame su tun daga zaure. Amma ka saurara da kyau, masoyina: idan Kaka ta hau jakin nan, ba ita kaɗai za ta tafi ba. Nawa ƙunshin na riga na ɗaure shi, yana kusa da nata. Zan so ka daga Gabi har ranar da za a rufe ni, kuma ba za ka ƙara ganin fuskata ba.

Taka har ƙarshen numfashi, a Madarunfa ko a Gabi,
Balaraba 'yar Malam Tanko, jikar Marka.